Tambaya kan Mazda: wai da gaske Ford ce aka canza wa tambari? Masu ita ku faɗa min gaskiya

Abu Safwan:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe Mazda da hannunsu, ba wanda ya ji a bakin wani ba. Na fi shekara biyu ina tarin kuɗin mota, to yanzu ga wata Mazda3 ta hannu ta faɗo, ƙirar 2008, injin 2.0, atomatik ce, mitarta na nuna kilomita dubu 170 da 'yan kai. Mai ita ya ba ni makulli na zaga da ita kamar minti ashirin, wallahi tun da na sauko raina ke wajenta, yadda sitiyarin ke bin hannu a kwana kamar ta san inda kake son zuwa, ga kujerar ta zauna min daidai duk da ni dogo ne.

Matsalar ita ce duk wanda na faɗa wa sai ya ɓata fuska. Wani abokin aikina ya ce wai Mazda ba motar Japan ba ce ta gaskiya, Ford ce aka cire wa tambari aka manna wani. Yayana kuma ya ce shi abin da ya sani injin Mazda babu fistin a ciki, wani abu ne mai juyawa da ke shan baƙin mai kamar ruwa, in ya lalace ba mai iya taɓa shi. Na uku ya ce in dai ba Toyota ko Honda ba ce to zubar da kuɗina kawai zan yi. Ni kuma ban san komai a kan kamfanin ba balle in musa musu, sai dai in yi shiru.

To wai su waye Mazda ɗin nan, daga ina suka taso, meye haɗinsu da Ford? Kuma ku da kuka hau ta shekara da shekaru ya kuka same ta? Motata ta farko ce wannan, ba na son in yi da-na-sani. Na gode, Allah ya saka da alheri.

MaiBincike:

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Abokin aikinka da yayanka kowanne ya tsinci guntun gaskiya ne ya ɗora ta inda ba wajenta ba. Bari in ɗan ja maka zaren daga farko, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Mazda kamfanin Japan ne tun tushe, a garin Hiroshima aka kafa shi a 1920 kuma har yau hedikwatarsa na Fuchu, daf da garin. Da farko ma ba mota yake yi ba, sunansa Toyo Cork Kogyo, aikinsa sarrafa ɓawon bishiya irin wanda ake toshiyar kwalba da shi. Mutumin da ya juya akalarsa shi ne Jujiro Matsuda, ɗan masunci ne da ya tafi Osaka tun yana yaro ya koyi ƙira, har ya ƙirƙiro wani famfon ruwa da ya yi suna da shi. Ya karɓi ragamar kamfanin a 1921, a 1927 aka cire kalmar Cork ya koma Toyo Kogyo, suka shiga ƙera injinan aiki. Abin hawa na farko da suka fitar a 1931 wata babur ce mai ƙafa uku da akwatin ɗaukar kaya a baya, Mazda-Go, kuma kamfanin cinikin Mitsubishi ne ya riƙa sayar musu da ita. Sunan Mazda kuwa kamfanin da kansa ya ce daga wuri biyu ya fito, sunan Matsuda ɗin da kuma Ahura Mazda, abin bauta a tsohon addinin Farisa. Sai a 1984 ne ma aka mayar da sunan kamfanin gaba ɗaya Mazda.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsu shi ne 6 ga Agusta 1945, ranar da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Ranar ta zo daidai da ranar haihuwar Matsuda, ya cika shekara 70, shi ya tsira amma ya rasa ɗansa guda a ciki, ga ma'aikata da dama da suka mutu. Masana'antar tana da nisan kamar kilomita 5 daga inda bam ɗin ya fashe kuma akwai tudun Hijiyama da ya tare ta, shi ya sa ba ta rushe ba. Nan aka riƙa kawo masu rauni, har gwamnatin lardin ta zauna a ginin kamfanin na wani lokaci tunda nata ofisoshin sun ƙone. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, sun koma ƙera masu ƙafa ukun nan, da su aka yi jigilar kayan sake gina garin. Ka duba fa, wata huɗu kacal bayan abin da ya faru.

Motar fasinja ta farko ita ce R360 a 1960, 'yar ƙarama. To a nan maganar yayanka ta shigo. Lokacin gwamnatin Japan na tunanin haɗe ƙananan kamfanonin mota cikin manya, shi kuma Tsuneji Matsuda, ɗan Jujiro da ya gaje shi, ya ga in ba su da wani abu nasu na daban haɗiye su za a yi. Sai a 1961 suka sayi lasisin injin da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro tare da kamfanin NSU na Jamus, shi ne rotari, mara fistin ɗin. Kamfanoni da yawa sun sayi lasisin nan suka gwada suka watsar, domin bakin abin da ke juyawar yana kartar bangon injin har ya bar zane, injiniyoyin Mazda suka sa wa zanen suna farcen shaiɗan. Injiniyansu Kenichi Yamamoto da mutum 47 suka duƙufa a kai sai da suka shawo kansa, a 1967 aka fitar da Cosmo Sport. Daga nan suka yi ta cusa rotari a motoci iri-iri, har da a-kori-kura da bas, kuma ya karɓu a Amurka sosai, sai ga rikicin man fetur na 1973. Injin na da ƙarfi amma yana shan mai, mutane suka guje shi, motoci suka taru ba mai saye, kamfani ya kusa durƙushewa sai da bankin Sumitomo ya shigo ya tallafe shi.

Wannan raunin ne ya kawo Ford. A 1979 Ford ta sayi kusan kashi 25 cikin ɗari na hannun jarin, a 1996 bayan Mazda ta sake shiga matsala ta ƙara zuwa kashi 33.4, har ta turo mutuminta Henry Wallace ya zama shugaban kamfanin, karon farko da baƙo ya shugabanci kamfanin motar Japan. Amma abin da mutane ba sa lura da shi, a ƙananan motoci Ford ce ta fi ɗaukowa daga Mazda. Ford Laser ai Mazda 323 ce, Ford Telstar kuma Mazda 626 ce. Da tattalin arzikin duniya ya rikice a 2008 Ford ta sayar da mafi yawan kasonta, zuwa 2015 ta fice kwata-kwata. Yanzu ma da Toyota suke ƙawance, Toyota na da kusan kashi 5 a ciki, suna da masana'antar haɗin gwiwa a Huntsville ta jihar Alabama.

Rotari ɗin kuma ba su yar da shi ba, sun mayar da shi motocin tsere da na 'yan gayu, RX-7 a 1978 sannan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Da shi suka ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991 da mota mai suna 787B, su ne kamfanin Japan na farko da ya taɓa ci, sai a 2018 Toyota ta biyo baya. Amma Mazda3 ɗinka babu ruwanta da rotari ko kaɗan, fistin huɗu ne a jere kamar na kowa.

Baba Tsohon Direba:

Yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Ni ban iya dogon tarihi irin na malamin da ya gabace ni ba, abin da hannuna ya riƙe shi zan faɗa maka.

Na riƙe 626 mai kafireta, injin 2.0, giyar hannu, shekara goma sha ɗaya tana wajena. Da ita na kai 'ya'yana makaranta tun suna ƙanana har babban ya fara tuƙa ta da kansa. Mitarta ta tsaya da ƙirga tana wajen dubu 300 da wani abu, kuma bayan nan na ƙara shekara uku ina hawa. Injin nan sau ɗaya tak aka taɓa buɗe kansa, shi ma laifina ne. Tiyon lagireto ya fara tsatsafo, ina ganin ɗigon ruwa a ƙasa kullum da safe ina cewa gobe, gobe, ran nan muna kan doguwar hanya da iyali allurar zafi ta haura, maimakon in tsaya na ce bari in ƙarasa gari na gaba. Kafin mu kai hayaƙi fari ya turnuƙe bayan motar, gasket ya ƙone. Na zauna a gefen titi bonet a buɗe, ƙaramar 'yata na barci a kafaɗar uwarta, ina jin ƙarfen yana ƙas-ƙas yana hucewa, wallahi ranar kunyar motar na ji kamar mutum na zalunta. Aka gyara aka sa sabon gasket, ba ta sake ba ni ciwon kai ba har na rabu da ita.

Abin da na sani game da ita, ba ta son wasa da ruwa kuma ba ta son a wuce lokacin canza bel ɗin taimin. In ka kiyaye waɗannan biyun da juyen baƙin mai a kan kari, to sai dai ka gaji da ita. Kuma akwai wani daɗi da take da shi a hannu, giyarta na shiga tsaf kamar ka rufe aljihun tebur mai kyau, na hau motoci da yawa bayanta ban sami irinsa ba. Abin da ka ji a kwana ɗin nan ba ƙarya zuciyarka ta yi maka ba, haka gidansu yake tun da.

Amma ka sani tawa ta zamanin da ce, waya kaɗan ne a cikinta. Taku ta yanzu akwai kwamfuta, sai masu gyara su yi maka bayani.

Oga Bakanike:

Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni sana'ata ke nan, shekarata kusan ashirin ina kwance ƙarƙashin mota, bari in yi magana a kan ita wannan da kake son saye takamaimai.

Mazda3 ta farko ta fito a 2003 aka yi ta zuwa 2009, a Japan Axela suke ce mata. Ƙashin bayanta, wato shimfiɗar da aka ɗora bodin a kai, ɗaya ne da na Ford Focus ta biyu da Volvo S40, kamfanoni ukun ne suka haɗu suka tsara tunda lokacin duk suna ƙarƙashin inuwar Ford. Shi ya sa in ka leƙa ƙasa za ka iya ganin FoMoCo, wato tambarin Ford, a jikin wasu kayan, nan abokin aikinka ya samo maganarsa. Amma injin 2.0 ɗin nan na Mazda ne, su suka zana shi, MZR suke kiransa, Ford ce ma ta ɗauka ta sa a motocinta da sunan Duratec. Kuma wannan haɗin alheri ne a gare ka, domin wasu kayan ƙafa da na inji suna shiga juna, in ka rasa na wannan ka sami na wancan. Sarƙar taimin gare shi ba bel ba, saboda haka abin da Baba ke canzawa kai ba ka da shi, sai dai sarƙar na son baƙin mai mai tsafta, wanda ya bar mai ya yi kauri kamar kwalta zai ji ta fara kara da safe.

In za ka koma duba ta ka je da sassafe, ka roƙi mai ita kar ya tayar kafin ka zo, inji mai sanyi ba ya ɓoye sirri. Ka saurari sakan biyar ɗin farko. Sannan ka taka birki ka sa ta a D ka riƙe sitiyari, in ka ji jijjiga na shigowa hannunka da kujera to ka duba mazaunin injin na gefen dama, irin mai ruwa a ciki ne kuma yana fashewa in ya tsufa, za ka ga baƙin ruwa ya bushe a ƙasansa. Ba babban aiki ba ne amma abin neman ragi ne. Ka zaro sandar man giya ka goga a farar takarda, in ja ne ko ya ɗan yi duhu ba laifi, in baƙi ne yana warin ƙuna ka yi tunani sau biyu. Giyar nan ATF M-V take sha, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo min da giya na fizga in ka bincika wani ne ya zuba mata duk man da ya samu a gabansa. Famfon sitiyarinta lantarki ne ke juya shi, kuma kamfanin ya taɓa kiran ƙirar 2007 zuwa 2009 a 2010 domin gyara a kansa, to ka sa a duba lambar shasi a ga ko an yi mata. Na ƙarshe tsatsa. In motar ta zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, ka sa hannu ka shafa bakin bodin da ke saman tayoyin baya, ka kuma sa a ɗaga ta ka ga ƙasan da idonka, fenti na rufe abu da yawa.

Maganar rotari kuma bari in wanke shi kaɗan, domin ana yi masa ƙazafi. Maimakon fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai siffar lamba 8 mai faɗin ciki. Kowane gefe na ukun nan ɗaki ne, yana shaƙar iska da mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, duk a zagaye guda, shi ya sa injin RX-8 da bai wuce lita 1.3 ba yake ba da ƙarfin doki sama da 200 a mai giyar hannu kuma yana juyawa har 9000 ba gargada. A bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke toshe iska, shi ke gogar bango, to dole a shafa masa mai, sai aka sa wani ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta da gangan. Kenan shan man da yayanka ya faɗa tsari ne ba lalacewa ba. Wanda ya sani yana duba sanda duk bayan shan fetur biyu ya ƙara, wanda bai sani ba ya bar shi ya bushe. Kuma ba ya son ka tayar da shi da sanyi ka matsa gaba kaɗan ka kashe, fetur zai jiƙa fulogi ya ƙi tashi. Sau biyu na taɓa buɗe shi a rayuwata, abin sha'awa ne a ido, amma ba zan ba mai motar farko shawarar sa ba. Taka dai ba shi ba ne, ka kwantar da hankalinka.

Ummu Hanan:

Salam. Ni CX-5 nake hawa, ƙirar 2016, injin 2.5, shekara huɗu ke nan. Yadda aka yi maka haka aka yi min, har wata ƙawata ta ce in na saya na auri wahala. Alhamdulillah ban ga wahalar ba. Yarana uku a baya da jakunkunansu, kullum safe da yamma, in an yi hutu kuma doguwar tafiya.

Irin tawa tana cikin waɗanda suka yi bayan sun rabu da Ford, CX-5 ta fara fitowa a 2012 kuma ita ce ta farko da komai nata, inji da giya da bodi, aka yi shi da tsarin da suke kira Skyactiv. Abin da ya sa na zaɓe ta giyarta atomatik ce ta gaske mai hawa shida, ba irin mai bel ɗin nan CVT ba, ni ba na son yadda waccan ke gurnani in ka taka. Shan manta kuma daidai gwargwado ga mota mai girmanta.

Abu biyu na koya da kuɗina. Tawa tana da i-stop, wato in ka tsaya a danja injin ya mutu da kansa in ka saki birki ya tashi. Da batir ya mutu na aika aka sayo min na gama-gari aka ɗaura, sai i-stop ɗin ya daina aiki fitila ta riƙa ƙiftawa a dashbod, na yi sati biyu hankalina a tashe ina zaton wani babban abu ne. Ashe batir na musamman take so mai jure yawan tashi, Q-85 aka rubuta a jikin tsohon, ni ce ban duba ba. Na biyu baƙin mai, 0W-20 littafinta ya ce, wani mai gyara ya so ya zuba min mai kauri wai ya fi riƙe inji, na ce a'a, na buɗe littafin na nuna masa. Dan Allah Abu Safwan in ka saya ka nemi littafin motar ka karanta ko a intanet ne, yana raba gardama da yawa.

Inda zan rage mata maki, but ɗinta bai kai na wasu sa'o'inta girma ba, kuma kujerar baya in manya uku ne sai an matsu.

Dan Gaskiya:

Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Duk abin da kuka faɗa na tarihi da daɗin tuƙi ban musa ba, amma mutumin nan motarsa ta farko ce kuma ya ce shekara biyu yana tari. Mazda ƙaramin kamfani ne in ka gwada da Toyota, abin da Toyota ke sayarwa a shekara ya ninka nasu sau da yawa, to dole kayan gyaran wancan da masu gyaransa su fi yawa a kusan ko'ina, kuma ranar da za ka sayar ma wancan ya fi saurin samun mai saye. Wannan ba raini ba ne, lissafi ne. Sannan ba duka Mazda ce ta yi suna mai kyau ba, 626 mai silinda huɗu da aka haɗa a Amurka daga 1994 da giyar atomatik CD4E an san ta da ƙorafin giya, haka masu dizal 2.2 na Skyactiv in gajeriyar tafiya ake yi da su kullum dizal na gangarawa cikin baƙin mai. Irin waɗannan ne suka ɓata sunan a bakin mutane, ba haka kawai ake gudunta ba. Ni shawarata kafin ya biya ya tabbatar akwai mai gyaran da ya san ta kusa da shi da kuma inda zai sami kayanta.

MaiBincike:

Dan Gaskiya maganarka a kan hanya take, musamman ta neman mai gyara tun kafin a biya. Sai dai ka lura misalan da ka kawo babu wanda ya shafi motar da yake tambaya a kai, ɗaya ta girme ta da shekara goma da wani abu kuma giyar ma daban ce, ɗayar dizal ce da ta zo bayanta. Abin da ke faruwa da Mazda ke nan kullum, ana ɗauko laifin RX-8 da na tsohuwar 626 atomatik a jibga wa duk motar da ke ɗauke da tambarin. Ƙanƙantar tasu kuma ita ta sa suke yin abin da manya ba sa yi, ka duba MX-5 da suka fitar a 1989 lokacin kusan kowa ya daina yin ƙaramar mota mai buɗaɗɗen sama mai kujera biyu, zuwa 2016 sun ƙera miliyan ɗaya. Ko rotari ɗin ma sun dawo da shi a 2023 cikin MX-30, amma yanzu janareta ne da ke cajin batir, ba shi ke juya taya ba.

Abu Safwan:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba na gode da addu'a, labarin gasket ɗin nan ya zauna min a rai. Yau da asuba na koma da wani mai gyara kamar yadda Oga ya ce, mun tarar da ita a sanyaye, ta tashi bugu ɗaya ba wata kara. Da na sa D na taka birki kuwa sai ga jijjigar a sitiyari, muka buɗe bonet mai gyaran ya haska fitilar waya, ga baƙin ruwan nan ya bushe a ƙasan mazaunin injin na dama, daidai yadda ka kwatanta Oga, har mai motar ya yi mamakin yadda na san wajen. Man giya ya yi duhu amma ba ya wari, kuma tana canza giya lafiya ba fizga. Mun ɗaga ta, akwai tsatsa sama-sama a salansa da wasu ƙarafan ƙafa, amma bakin tayoyin baya lafiya lau, mun ƙwanƙwasa ba inda ya yi taushi. Mai gyaran ya ce ya saba da irinta kuma ya san inda ake samun kayan, kenan maganar Dan Gaskiya ma na bi ta. Mai motar ya yarda zai rage min kuɗin mazaunin.

Tambayata ta ƙarshe Oga, man giyar nan in canza shi nan take ko in bar shi? Wani ya ce min in mota ta yi nisa haka ba a taɓa shi, wai in an canza giyar mutuwa take.

Oga Bakanike:

Ka canza, amma a hankali. Abin da ke kashe tsohuwar giya shi ne a haɗa ta da injin wanki a tura mai da ƙarfi, dattin da ya kwanta shekara da shekaru ya tashi ya toshe ƙananan hanyoyi. Kai a kwance ƙasan kawai a bar wanda zai zubo ya zubo, kamar lita uku za ka samu, a auna abin da ya fita a mayar da daidai shi na M-V. In za a cire farantin ƙasan ma ya fi, a wanke maganaɗisun da ke ciki a sa sabuwar matata, ka tsaya a wajen ka ga abin da ya manne a jikinsa, laushin toka-toka ba komai, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ka ɗauki hoto ka turo min. Ka yi tafiyar kilomita dubu biyu ko uku ka sake juye na biyu, a haka man zai washe ba tare da an girgiza ta ba. Ranar da za a sa mazaunin na dama a duba na ƙasa na baya shi ma, yawanci in ɗaya ya mutu ya riga ya wahalar da ɗan uwansa. Lambar shasin kuma kar ka manta da ita saboda maganar famfon sitiyarin nan.